Iyakar Fadamar Hersenda

Zazzaɓin ya saki Hersenda ranar Talata da hantsi, kwana goma sha ɗaya bayan ya kwantar da ita. Ta buɗe ido ta ga rufin ɗakin da ba nata ba. Ta kai hannu za ta gyara ɗankwali, sai ta ji ba gashi a kanta, an aske shi ƙwal. Jikinta kuma sanye da baƙar rigar ulu mai kauri irin ta matan zuhudu na Kirista.

Mai jinyarta, wata tsohuwar 'yar zuhudu mai suna Aliz, ta zo ta taɓa mata goshi, ta daɗe tana kallonta, sannan ta yi 'yar dariya.

"Shekara ashirin da shida ina sa wa masu mutuwa rigar nan, ke ce ta farko da ta ba mu kunya," in ji ta. "Har kabari an fara haƙa miki. Yanzu sai dai ruwan sama ya cika shi."

Hersenda ta tambayi inda take. Aliz ta ce gidan zuhudun mata na Valser ne, kuma ɗanta Goslin ne ya kawo ta a keken shanu kwana shida da suka wuce, ba ta ko san wanda ke kanta ba.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Anju. Idan ajalin mai dukiya ya matso, danginsa kan kai shi gidan zuhudu a sa masa rigar ya cika a cikinta, domin a lissafa shi cikin masu ibada, su kuma bar wa gidan wani yanki na ƙasa. Haka aka yi wa mijinta, ya cika bayan kwana biyu. Wanda ya sa rigar ya bar duniya ke nan, ba gida, ba gona. Ba wanda wannan sharaɗi ya taɓa damu, don ba a saba ganin mutum ya tashi ba.

Hersenda ta gode wa Aliz, ta ce a aika gidanta na Landemor a turo mata keke da mayafinta. Aliz ba ta ce a'a ba, ba ta ce to ba. Ta ce bari ta kawo romo.

Sai bayan kwana uku shugabar gidan ta zo. Sunanta Mahalda, 'yar babban gida ce, Hersenda ta girme ta da kusan shekara ashirin. Ta zauna a gefen gado ta kira ta da "'yata", ta ce duk gidan sun yi godiya ga Allah da wannan waraka. Da Hersenda ta sake maganar keke, sai Mahalda ta yi mata bayani a hankali, kamar mai karanta abin da ta riga ta haddace.

Ta ce ranar da aka kawo ta, Goslin ya ɗora wuƙarsa a kan bagaden majami'a a gaban shaidu, alamar ya bai wa Valser fadamar bakin kogi har abada domin ceton ran mahaifiyarsa. Su kuma, don nuna godiya, sun janye ƙarar da suke yi da shi a kan gidan niƙa na Landemor.

Fadamar kuwa ta Hersenda ce. Mijinta ne ya ba ta ranar aurensu, ta ci amfaninta muddin tana duniya, kuma Goslin ba shi da ikon taɓa ko ciyawa ɗaya a ciki sai bayan ranta. Rigimar gidan niƙa kuwa shekara goma sha ɗaya ana yi, an je gaban alƙalai uku ba a gama ba. Sai ga shi an gama ta a yini ɗaya, a kan matar da ba ta cikin hayyacinta.

"Ni na ce ina so a sa mini rigar?" ta tambaya.

"An tambaye ki, 'yata. Leɓenki ya motsa."

"Wa ya gani?"

Mahalda ta lissafa mata: Goslin, da matarsa Sibila, da wan Sibila, da limamin majami'ar Landemor wanda Goslin ke ciyarwa. Ta ƙara da cewa alkawarin da aka yi wa Allah ba a warware shi don zazzaɓi ya sauka. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce daga yau ya kamata Hersenda ta riƙa kiranta Uwa, kamar sauran.

Abin da ya fara tsaya wa Hersenda a rai rigar ce. Ita gajeriya ce ƙwarai, kuma kafaɗarta ta hagu ta ɗan sauka tun faɗuwar da ta yi daga doki. Duk wata riga sai an rage mata. Ta tuna wadda aka sa wa mijinta: tsohuwa ce ta wani dogon mutum, an lulluɓa masa ita kawai. Wannan kuwa sabuwa ce, ta zauna mata daidai, har da gyaran kafaɗar.

Da ta fara iya fita tsakar gida, ta nemi mai ɗinkin gidan ta yaba mata aikin. Matar ta ji daɗi, ta ce ai ba wuya, tunda uwargida Sibila ta aiko da tsohuwar rigar Hersenda aka gwada. Hersenda ta tambaye ta yaushe. Mai ɗinkin ta ɗan yi tunani ta ce lokacin yankan ciyawa na biyu, don ta tuna ƙaiƙayi ya dame ta tana yanka ulun. Sannan ta dubi fuskar Hersenda, ta ce wataƙila ta manta, tsufa ne, ta tattara allurarta ta shige.

Yankan ciyawa na biyu wata guda ne kafin zazzaɓin. A lokacin Hersenda tana tsaye a fadamar da kanta tana yi wa masu lauje faɗa. Ba ta ce ɗanta ne ya sa mata ciwo ba, ko a zuciyarta ba ta faɗi haka ba. Zazzaɓin kaka yana kama kowa a bakin kogi. Abin da ta gane shi ne an shirya, ana jira.

Goslin ya zo bayan mako uku. An ba su ɗakin baƙi, wata 'yar zuhudu tana zaune a lungu tana kaɗi. Ya durƙusa ya sumbaci hannun mahaifiyarsa, ya ce ta yi kyau, har ta fi da. Ya kawo mata cuku da tuffa. Bai kawo mayafin ba.

Ta ce masa ta warke, tana so ta koma gida yau.

Ya ce shi ma abin da yake so ke nan. Ya ce mai magani ne ya rantse masa ba za ta kai Lahadi ba, kuma da ya bar ta ta cika ba rigar, da mutane sun ce ya yi wa uwarsa rowar aljanna. Ya ce hanya ta lalace da ruwa, keke ba zai iya ɗauko mai jinya ba. Ya ce ɗakinta ana gyaran rufinsa. Da ta tambayi wanda ke riƙe da makullan rumbu, ya ce Sibila ce, na ɗan lokaci.

"Rigar nan yaushe aka ɗinka ta, Goslin?"

"Inna, ni me na sani game da ɗinki?"

"Matarka ta sani."

Ya dubi mai kaɗin, ya rage murya. Ya ce ta yi tunani mana. Idan ta fito, fadamar ta koma hannunta, kyautar ta rushe. Idan kyautar ta rushe, Mahalda za ta tayar da ƙarar gidan niƙa, kuma wannan karon za ta ce an yaudari bagaden Allah, ba alƙalin da zai saurare shi. Gidan niƙa shi ke ciyar da Landemor. Jikokinta huɗu ne. Ya ce ta yi haƙuri zuwa bayan hunturu, zai nemo hanya.

"Ka sayar da ni da gidan niƙa," in ji ta, ba tare da ɗaga murya ba.

"Haba Inna. Mutane nawa ke roƙon a karɓe su a nan ba su samu ba? Ga ɗumi, ga abinci, ga addu'a sau bakwai a rana."

Ya tafi kafin a buga ƙararrawar yamma, ya ce yana tsoron duhu ya same shi a mashigi.

Ɗumin bai daɗe ba. Kafin dusar ƙanƙara ta fara sauka, sabuwar rigima ta tashi. A ƙarshen fadamar akwai wani tsiri mai itatuwan bakin ruwa, inda ake yankan tsumagu na saƙa kwanduna da tarkon kifi. Mutanen Valser suka je yanka, mutanen Goslin suka kore su da sanduna. Mahalda ta ce tsirin cikin fadamar yake. Goslin ya ce bai taɓa zama ciki ba.

A yarjejeniyarsu Goslin ne zai riƙa aiko da hatsi da itacen wuta na mahaifiyarsa. Ya daina. Ya aiko da saƙo cewa wanda ya ci fadama ya isa ya ciyar da tsohuwa ɗaya. Mako guda bayan haka aka fitar da Hersenda daga ɗakin jinya mai murhu, aka kai ta dogon ɗakin da kowa ke kwana, gadon da ke bakin ƙofa. Mahalda ta ce ba horo ba ne. Tunda ta warke, ƙa'ida ta hau kanta kamar kowa. Aka ba ta aikin tsefe ulu a rumfar da iska ke ratsawa. Aka daina ba ta romo, sai burodin sha'ir da wake.

Yatsunta suka kumbura suka tsage. Tari ya kama ta. Kowace Asabar Mahalda takan kira ta ta tambayi lafiyarta, ta ce abin yana damunta ƙwarai, sannan ta ce ga ɗan aike zai tafi Landemor, ko tana da abin da za ta gaya wa ɗanta game da halin da take ciki. Sau biyu Hersenda ta aika. Amsar farko, Goslin ya ce ta kai kukanta ga Uwarta. Ta biyu daga Sibila ta fito, ta ce suna sa ta a addu'a. A Asabar ta uku Hersenda ta ce ba ta da saƙo. Ta lura cewa duk lokacin da ta aika, sai a ƙara matse ta kafin ɗan aiken ya tashi, domin labarin ya yi nauyi.

Aliz takan ɓoyo mata kitsen agwagwa ta shafa a hannu. Wata rana tana shafa mata ta ce, "Kin san laifinki? Kowa ya yi nasa aikin, ke kaɗai ce ba ki yi naki ba. Da kin mutu, da yanzu kina da kyandir biyu da suna mai kyau."

"Ki ba su haƙuri," in ji Hersenda. "Ban saba ba ne."

A ƙarshen hunturu bishop, babban limamin yankin, ya turo alƙalinsa, wani mai suna Raul, ya raba rigimar tsirin. Ya sauka a Valser. Hersenda ta tare shi a hanyar majami'a, ta gaya masa komai a tsaye: zazzaɓin, rigar, shaidun. Ya saurare ta har ƙarshe, mutum ne mai ladabi. Sannan ya ce a shari'a wanda ya sa rigar ya mutu ga duniya, kuma matacce ba ya kai ƙara. Idan tana da kuka, shugabarta ce kaɗai za ta iya kawo shi a madadinta. Ta ce ai shugabar tana cikin waɗanda take ƙara. Ya ce ya gane, amma ba shi ya tsara dokar ba.

Washegari da aka zauna, sai aka tarar ba takardar da ta faɗi inda fadamar ta ƙare. Takardar kyautar ta ce fadamar bakin kogi kawai. Dattawan da suka san iyakar duk sun mutu. Mutum ɗaya ya rage wanda yake wurin ranar da aka zagaya ta, shekara arba'in da uku da suka wuce, lokacin da ango ya kama hannun amarya ya bi da ita gefen abin da ya ba ta: Hersenda ce. Raul ya ce matacce ba ya ƙara, amma yana iya ba da shaida idan shugabarsa ta yarda. Mahalda ta yarda nan take. A ranar aka mayar da Hersenda ɗaki mai murhu, aka kawo mata romon kaza.

Goslin ma ya nemi ganinta. Ya ce ta fi kowa sanin tsirin ba ya ciki. Idan ta faɗi gaskiya, shi kuma ya yi alkawari kafin bikin Ista tana ɗakinta. Ta ce to, ya maimaita wannan alkawari gobe a gaban alƙali, da ƙarfi. Ya ce irin wannan magana ta cikin gida ce, ba a kai ta gaban baƙi. Ta dube shi ta ce ta ji.

Aka kai ta fadamar a keken shanu. Ruwa ya janye, ƙasa duk taɓo. Mutane sun kai talatin: Raul da magatakardansa, Mahalda da mata biyu, Goslin da surukinsa, da manoman ɓangarorin biyu. Aka kawo akwatin ƙasusuwan waliyyi, ta ɗora hannu ta rantse za ta bi inda mijinta ya bi da ita, ba ƙari ba ragi.

Ta fara daga babban dutsen bakin kogi, tana dogara sanda. Ta bi gefen ruwa a hankali, suna biye, magatakarda yana rubuta kowace alama. Ta doso tsirin. Ba ta shiga ba, ba ta kuma zagaye shi ba. Ta tsaya nesa kaɗan ta yi tari, sannan ta juya ta hau tudu.

Goslin ya ce ta ɓata hanya. Raul ya ce a bar mai shaida. Ta wuce gidan niƙa, ana jin ƙarar ruwan da ke juya shi. Mahalda ta dubi magatakarda ta ga ko yana rubutawa. Hersenda ta wuce garken tumaki, ta wuce rijiya. Sau uku ta tsaya ta huta. Manoman da ke baya suka fara ƙus-ƙus, wani ya cire hularsa. Karnukan Landemor suka fito da haushi, da suka shinshine ta suka yi shiru.

Sibila tana tsaye a ƙofar gida, makullai a ɗamararta. Ba ta matsa ba. Hersenda ta juya ta zauna a kan dakalin dutse na bakin ƙofa, ta ajiye sandar.

Raul ya tambaye ta ko tana nufin fadamar ta kai har nan.

"Kun rantsar da ni in bi inda mijina ya bi da ni," in ji ta. "Nan ya kawo ni. Bai ce in koma ba."

Goslin ne ya fara magana, da alƙali yake yi ba da ita ba. Ya ce abin da yake tsoro ke nan, tun zazzaɓin hankalinta bai dawo daidai ba. Mahalda ta ce ita ma ta lura da haka a 'yan watannin nan, ta yi shiru ne don mutuncin gidan. Karo na farko ke nan da aka ji su biyun sun yarda da magana ɗaya tun ranar wuƙa. Raul ya umarci magatakarda ya soke abin da ya rubuta. Ya ce tunda ba shaida, gara a yi sulhu, ga kuma iska ta fara sanyi.

Suka shiga ciki, suka bi ta gefenta ɗaya bayan ɗaya. Sibila ta sa aka kawo ruwan inabi da gasasshen nama. Daga dakalin Hersenda tana jin muryoyinsu a kan teburinta. Ba su daɗe ba. An raba tsirin biyu, gabas na Valser, yamma na Landemor. Goslin zai ci gaba da aiko da hatsi, ban da itace. Jikokinta ba a bar su sun fito ba, an ce kada tarin ya kama su.

Da aka gama, manoma biyu suka zo ɗaukarta. Ɗayansu tun yana yaro take ba shi aiki. Ya ce, "Ki yi haƙuri, uwargida," bai dube ta ba. Ba ta yi gardama ba, ba ta kuma taimaka musu ba. Suka ɗaga ta suka sa a keke. Zamanta a ƙofar gidanta bai kai tsawon cin abincin rana ɗaya ba.

Ta rasu a Valser kwana tara kafin Ista, a gadon bakin ƙofa. Goslin ya zo jana'iza ya yi kuka, mutane suka yaba. Takardar sulhun tana nan a akwatin gidan, da hatimi uku. Mai karatu zai ga sunan alƙali, da na shugaba, da na shaidu goma sha biyu. A layin ƙarshe an rubuta cewa an yi wannan duka ne a gaban Hersenda, mahaifiyar Goslin, da saninta, da kuma farin cikinta.